Kalmar forget: a ina ɗalibanku suke tuntuɓe?

Malamin Turanci, babbar sakandare:
Assalamu alaikum malamai da masu fassara. Don Allah kowa ya kawo abin da yake gani a aji ko a takardun jarrabawa game da aikatau ɗin nan, forget. Ma'anarsa a fili take, manta ne ko sha'afa. Bari in fara da siffofinsa uku: forget, forgot, forgotten. Kuskuren da ya fi shan jan biro shi ne "Did you forgot?". Da zarar did ta shigo jimla ta riga ta ɗauke nauyin shuɗaɗɗen lokaci, sai aikatau ya koma asalinsa: "Did you forget?", "I didn't forget". Bayan have, has ko had kuwa, forgotten ake sawa. Forgetting kuma t biyu gare shi, domin a gaɓar ƙarshe ta forget ake ƙarfafa murya, kamar dai getting.

Malama mai shirya ɗalibai don WAEC da NECO:
Wa alaikumus salam Malam. Ni inda na ga an fi zubar da maki shi ne abin da ke biyo bayan kalmar. "I forgot to lock the door" yana nufin ƙofar tana nan a buɗe, ba a kulle ta ba. "I forgot locking the door" kuwa an kulle, tunanin kullewar ne ya ɓace. Wannan na biyun ba kasafai ake jin sa haka tsurarsa ba, ya fi zuwa da never, kamar "I will never forget meeting her".

Tushen matsalar a Hausarmu yake. Mu cewa muke "na manta ban kulle ƙofa ba", da korewa a ciki. Yaro sai ya kwashi korewar nan ya kai ta Turanci, ya rubuta "I forgot I did not lock the door". Jimlar ba ta karye ba, amma ta faɗi wani abu dabam: ya san bai kulle ba, sanin ne ya kwanta masa. Abin da ke aiki a aji shi ne a rubuta jimlolin Hausa guda 10 a allo, rabi masu "na manta ban...", rabi masu "na manta cewa na...". Na farkon duka forgot to ne, ba tare da not ba. Na biyun forgot that. Sai sun ware su da kansu kafin a ba su damar fassarawa.

Mai fassara:
Malama kin taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Ga ɗan'uwansa: "na manta wayata a gida". A Turancin Ingila, in aka ambaci wurin da abin ya tsaya, leave ake amfani da shi: "I left my phone at home". In ba a ambaci wuri ba, "I forgot my phone" daidai ne. Mu manta ɗaya ta ishe mu duka biyun, shi ya sa kwandasta zai ce an yi mantuwa a mota kowa ya gane jaka ce ko leda aka bari. Mutanen Amurka sukan ce "I forgot it at home" a hira, amma jarrabawarmu ta fi bin tsarin Ingila, don haka left za a koya wa yara.

Sai "da" ɗin da ke cikin "manta da". Ba with ba ce ko kusa. Ko dai about, ko a bar wurin fayau: "I forgot about the meeting", "I forgot his name".

Malamin makarantar yaƙi da jahilci:
Allah ya ƙara basira. Manyan da ke zuwa ajin dare ma'aikata ne da 'yan kasuwa, su hatsarinsu yana wajen "Forget it". In wani ya ba ka haƙuri ka faɗe shi da sanyin murya, ba komai ke nan, ya wuce. In aron kuɗi aka tambaye ka ka faɗe shi da ƙarfi, ka ce masa kar ma ya sa rai. Bai dace a rubuta wa shugaban aiki ko abokin ciniki shi ba. Mai son neman afuwa cikin ladabi ya ce "I'm sorry, it slipped my mind", shi ne daidai da namu "wallahi na sha'afa ne".

Malamin Turanci, babbar sakandare:
Madalla. Ƙari ɗaya kan furuci, saboda jarrabawar baka. Mu da leɓe biyu muke furta f, shi ya sa take fitowa kusa da p. Ta Turanci sai haƙoran sama sun hau leɓen ƙasa iska na fita. A sa ɗalibi ya riƙe ƙaramin madubi ya ga haƙoransa a kan leɓe, ya ja sautin na daƙiƙa 3, sannan ya sassauta gaɓar farko ya dira a kan get.