Kumburin furostat: na sha Cipro sau uku yana dawowa, wane magani ya rage?

Mai tambaya, Marwa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri zan sakaya sunana, maganar ta shafi al'aura. Shekarata 47, fataucin albasa nake yi, kullum ina kan mashin tsakanin Marwa da ƙauyuka. Wata biyar ke nan ina jin ciwo mai nauyi tsakanin maraina da dubura, kamar na zauna a kan dutse. Fitsari yana ɗan zafi, ba ya fita da ƙarfi, da dare nakan tashi sau uku ko huɗu. Idan na kusanci iyali, ciwon yakan ƙaru har washegari. Wani ma'aikacin lafiya ya ce kumburin furostat ne, wani ƙulli da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji. Na sayi Cipro 500 a kasuwa na sha kwana biyar, na ji sauƙi, bayan sati uku ya dawo. Haka har sau uku. Na gwada amoxicilline, ko gezau. Wane magani ne yake raba mutum da wannan abu?

Dakta Bashir, Garwa

Wa alaikumus salam. Allah ya ba ka lafiya, Malam. Kafin a kama sunan magani sai an san wane iri ne, domin abin da ake kira kumburin furostat ba ciwo ɗaya ba ne.

Akwai mai zuwa farat ɗaya da zazzaɓi mai zafi, rawar ɗari, ciwon ƙugu, wani lokaci fitsari ya tsaya cak. Wannan na asibiti ne a ranar, saboda ƙwayar cutar tana iya shiga jini. Galibi ana farawa da allurar ceftriaxone giram 1 zuwa 2 a rana, idan jiki ya yi tsanani a haɗa da gentamicine, sannan a koma ƙwaya har a cika sati biyu zuwa huɗu. Idan an kwana uku zazzaɓi bai sauka ba, a yi hoton eko, ƙila mugunya ce ta taru a ciki.

Akwai daɗaɗɗe mai ƙwayar cuta, wanda yake lafawa yana dawowa. Sai na uku, wanda shi ne ya fi yawa nesa ba kusa ba, kusan tara cikin goma: ciwo da matsalar fitsari suna nan, amma awo ba ya nuna wata ƙwayar cuta. Naka yana tsakanin na biyu da na uku, kuma maganinsu ya sha bamban.

Idan na biyun ne, kwana biyar ba su isa komai ba. Furostat wani ƙulli ne kamar goro a ƙarƙashin mafitsara, bututun fitsari ya ratsa tsakiyarsa, kuma magunguna da yawa ba sa ratsa shi sosai. Shi ya sa amoxicilline bai yi maka komai ba, haka ma nitrofurantoïne da ake ba mata na ciwon mafitsara. Masu shiga su ne ciprofloxacine 500, wato Cipro ɗin da ka sha, sau biyu a rana, ko lévofloxacine 500 sau ɗaya, na sati huɗu zuwa shida ba fashi. Ko cotrimoxazole 800/160, wanda aka sani da Bactrim Forte, sau biyu a rana, idan awo ya nuna zai ci. Abin da ya dame ni shi ne shan kwana biyar-biyar har sau uku: yana kashe raunanan ƙwayoyin ya bar masu taurin kai, sai ka wayi gari Cipro ɗin ma ya daina jin su. Don Allah kada ka sayi na huɗu.

Ka taɓa yin zazzaɓi da shi? Kana da suga ko hawan jini? Me kake sha ban da wannan?

Mai tambaya, Marwa

Na gode Dakta. Babu zazzaɓi, babu suga. Ina shan farin maganin olsa na ruwa bayan abinci, kuma da safe fura da kindirmo nake karyawa, da ita nake kora ƙwayar. Sau ɗaya na ga jini-jini a maniyyi. Idan ciwon ya matsa wani abokina yakan ba ni Tramol.

Hajiya Maimuna, mai harhaɗa magani, Ngaundere

Ɗan uwa, ga babbar matsala nan ka faɗa da bakinka. Ciprofloxacine ba ya shiri da nono, kindirmo, maganin olsa mai magnésium ko aluminium, maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe, da zinc. Suna kama shi tun a hanji su hana shi shiga jini, sai ka sha 500 amma abin da ya isa furostat bai taka kara ya karya ba. Ƙa'ida ita ce a sha shi da ruwa zalla, awa biyu kafin waɗannan ko awa shida bayansu. A raba shan da awa goma sha biyu, misali shida na safe da shida na yamma, a kuma yawaita ruwa.

Sannan na kasuwa da ke kwana a faranti cikin ranar Marwa ba abin dogaro ba ne, wani ma garin banza ne aka matse. Maganin da za a sha sati shida a saye shi a farmasi, kuma a lissafa tun farko: sau biyu a rana na kwana 42 ƙwaya 84 ke nan. Mutane da yawa kuɗi ne ke yanke musu a sati na biyu.

Idan likita ya rubuta maka shi, ka san illolinsa. Yana iya kumbura agara, wato jijiyar bayan diddige, har ta tsinke, musamman ga wanda ya haura 60, ko mai ciwon ƙoda, ko mai shan dexaméthasone da wasu ke sha don ƙiba. Da ka ji ciwo a wurin, ka dakata ka koma wajen likita. Haka idan ka ji tafin hannu ko ƙafa yana sagewa, ko zawo mai yawa. Yana sa rana ta ƙona fata, kai kuma ɗan hanya ne, sai ka rufe jiki. Idan zazzaɓin sauro ya kama ka kana tsakiyar sha, ka faɗa kafin a ba ka quinine ko Coartem, haɗuwarsu tana iya rikita bugun zuciya. Shi kuma cotrimoxazole, ƙuraje a fata ko gyambo a baki alama ce ta a tsaya nan take.

Tramol kuwa ka rabu da shi. Yana kama mutum, yana busar da ciki, yana iya riƙe fitsari. Paracétamol giram 1 sau uku a rana ya fi maka. Ibuprofène 400 yana rage kumburi, amma mai olsa kada ya taɓa shi ko diclofénac sai da izinin likita.

Malam Abakar, ɗakin awo, Injamena

Yaya, awon fitsarin da za ka nema sunansa ECBU, ka ce a haɗa da antibiogramme, shi ne zai nuna wace ƙwaya ce da maganin da yake cin ta. Ka faɗi ranar da ka sha maganin kashe ƙwayoyin cuta na ƙarshe, domin idan yana jiki awon zai fito fes alhali cutar tana nan. A wanke gaba, a bar farkon fitsari ya zuba, a tari na tsakiya a kwalbar da suka ba ka, a kai cikin awa biyu. Sakamako kwana biyu zuwa uku. Likita yana iya tausa furostat da yatsa ta dubura sannan a sake tarar fitsari, a gwada na farko da na biyu. Ba a yin wannan tausar ga mai zazzaɓi.

Maganar jini a maniyyi ce ta tsayar da ni. A ina ka tashi? Duk wanda ya yi wanka ko noman shinkafa a kogin Logon, Maga, Lagdo ko bakin Tafkin Cadi, a duba masa tsargiya. Ƙwan tsutsar da ke kawo ta yana maƙalewa a mafitsara da furostat da jakar maniyyi, kuma Cipro ba ya yi masa komai. Fitsarin wannan awon ana tararsa tsakanin goma na safe da biyu na rana, har da ɗigon ƙarshe. Maganinsa praziquantel, miligiram 40 ga kowane kilo na nauyin jiki, sha ɗaya bayan cin abinci.

Kada a yi awon PSA yanzu, wato awon jinin da ake neman alamar sankarar furostat da shi. Kumburi yana ɗaga shi, sai a tsorata ka da sankara a banza. A bari sai bayan an gama magani da makonni.

Mai tambaya, Marwa

Ikon Allah. A Yagwa na tashi, a Logon muka yi wankan yarinta, har yanzu in na je gida ina shiga.

Dakta Bashir, Garwa

To awon tsargiya ya zama dole. Ka nemi a duba ciwon sanyi ma, wanda shi kuma farkon fitsari ake tara masa. Idan aka sami chlamydia, ɗaya daga cikin ƙwayoyin da ke kawo ciwon sanyi, maganin ya koma doxycycline 100 sau biyu a rana, da ruwa cike da kofi, ba a kwanciya bayan an sha domin yana ƙona maƙoshi. Kuma sai an yi wa iyali magani tare, in mata biyu ne ko uku dukansu, in ba haka ba za ku yi ta mayar wa juna.

Idan duk awon ya fito babu komai, to na ukun ne, kuma a nan ƙara maganin kashe ƙwayoyin cuta ɓata ciki ne kawai. Likita yana iya gwada cikakken zango ɗaya na sati huɗu zuwa shida, tunda ba ka taɓa sha yadda ya kamata ba. In bai yi ba, ba a maimaitawa.

Abin da ya fi taimakon mai raunin fitsari irin naka shi ne tamsulosine miligiram 0,4 sau ɗaya a rana, ko alfuzosine 10. Suna sassauta naman wuyan mafitsara da furostat. A ba su sati huɗu zuwa shida kafin a ce sun yi ko ba su yi ba. Suna sa jiri idan an miƙe da sauri, balle lokacin zafi ko azumi, don haka kwanakin farko ka yi hattara da hawa mashin. Tamsulosine yakan rage fitar maniyyi. Wannan yana firgita maza, amma ba mutuwar gaba ba ce, yana komawa daidai in an daina. Kada a haɗa su da maganin ƙarfin maza na kasuwa, jini yana iya faɗuwa. Wanda za a yi wa aikin yanar ido ya faɗa wa likitan ido yana sha.

Ciwon da ya ƙi ji, mai kama da ƙuna ko tsira, akan ba shi amitriptyline 10 zuwa 25 da dare, amma ga wanda fitsarinsa ke fita da kyar sai an yi taka-tsantsan, yana iya riƙe shi. Maganin mura mai pseudoéphédrine ma haka yake.

Malam Umaru, ma'aikacin jinya, Kuseri

Ƙari kaɗan, Alhaji. Sirdin mashin yana danne daidai wurin da ke ciwon. Ka sa matashi mai laushi, kuma duk awa guda ka sauka ka taka. Zama cikin baho na ruwan ɗumi minti goma sha biyar safe da dare yana sassauta wurin. Rage yaji, shayi mai kauri da Nescafé, ka daina shan ruwa da yawa awa biyu kafin barci, kada ka bari ciki ya bushe. Idan fitsari ya tsaya gaba ɗaya, ko zazzaɓi da rawar ɗari suka zo, kada ka jira gari ya waye, a tafi asibiti a daren. Ranar da za ka ga likita ka tafi da kwalayen duk abin da ka sha, har da na olsar da Tramol ɗin.