Shin manhajar waya za ta iya gyara mini sauraro da furucin Turanci?

Ɗaliba a jami'a:
Assalamu alaikum. Ina shekara ta biyu, kuma ina karanta littattafan Turanci ba tare da wahala ba, amma da zarar malami ya yi sauri a lacca, ko aka ce in yi bayani a gaban aji, sai kalmomin su kuɓuce mini. Wata uku ke nan ina amfani da Duolingo kullum, amma bakina bai saki ba. Manhajar ce ba ta dace ba, ko ni ce ban iya amfani da ita ba?

Malamin Turanci:
Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Duolingo, wadda aka buɗe wa jama'a a 2012, ta fi ƙarfi wajen gajerun jimloli, abin da ke amfanar mai fara koyo, ke kuwa kin wuce nan. Turanci yana da haruffa 26, amma sautukansa sun kai kimanin 44, kuma masu harshen suna haɗe kalmomi suna haɗiye wasu gaɓoɓi, har kalmar da kika sani a takarda ta zo wa kunnenki tamkar baƙuwa. Ki nemi shirin 6 Minute English na BBC, wanda ke zuwa da rubutaccen abin da aka faɗa. Ki fara saurare ba tare da duba rubutun ba, ki sake ji kina dubawa, sannan a karo na uku ki riƙa bin mai maganar da murya a fili, kina kwaikwayon inda ya danna da inda ya tsaya. Wannan mataki na ƙarshe shi ne ɗalibai suka fi tsallakewa, alhali shi ke horar da harshe.

Ɗalibin shekarar ƙarshe:
Na yarda da Malam. Ni abin da ya taimake ni shi ne naɗar muryata ina saurare, ko da yake da farko ban ji daɗin abin da na ji ba. Manhajar gyaran furuci ta ELSA Speak ma tana nuna sautin da mutum ya kuskure, sai dai da furucin Amurka take aunawa, don haka kada ƙarancin maki ya karya miki gwiwa muddin ana fahimtarki.

Wata ɗaliba:
Ki kuma samu abokiyar karatu ku riƙa aika wa juna saƙon murya da Turanci a WhatsApp game da laccar ranar, domin tsoron magana a gaban mutane sai da mutum ake kawar da shi.