Neman shawara: bidiyon sukuwa yana cijewa idan na rage masa gudu

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na ɗauki sukuwar dawaki da waya a bikin abokina a Gusau, firam 30 (wato hotuna 30) a daƙiƙa. Ina son wurin da mahayin ya ja linzami ƙura ta tashi ya tafi a hankali. Da na rage gudun zuwa kashi 25 cikin ɗari a manhajar tace bidiyo ta CapCut, sai hoton ya riƙa cijewa. Na fitar da shi a firam 60, bai canja ba. Ga ango ya dame ni da kira. Ina mafita?

Mai ɗaukar biki, Birnin Kebbi:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, tun wajen ɗauka aka bar ka. Hotuna 30 wayarka ta kama a kowace daƙiƙa. Da ka ja daƙiƙa ɗaya ta zama huɗu, kowace bakwai da rabi ta samu, dole manhajar ta yi ta maimaita hoto ɗaya don cike gurbi. Cijewar ke nan. Fitarwa a 60 kuwa ba ta haifo hoton da ba a ɗauka ba. Nan gaba ka ɗauka a 60, ka rage rabi a aikin firam 30, zai tafi sumul. In kwata kake so, sai 120.

Wata 'yar uwa, Talata Mafara:
Malam ya gama magana, amma ango ba zai sake hawa ba. Ka tsaya a kashi 50, ka kunna zaɓin nan da ke ƙirƙiro hotunan tsakiya. A manhajojin Premiere Pro da DaVinci Resolve sunansa Optical Flow, CapCut ma yana da irinsa a wajen sauya gudu. Sai dai ka zuba ido a ƙafafun dokin da jelarsa, nan yake narkar da hoto, balle ga ƙura. In ya ɓata, ka gajarta wurin. Sautin kuma ka cire, ka ɗora kiɗa, in ba haka ba guɗar mata za ta koma gurnani.

Wani daga Argungu:
Ƙari kaɗan. In a ɗakin taro ne da dare, wutarmu 50Hz ce, wato sau 50 take juyawa a daƙiƙa, firam 60 yakan sa fitila ta riƙa ƙyaftawa. Ka zaɓi 50 ko 100 in kyamararka tana da su.

Mai tambaya:
Allah Ya saka da alheri. Kashi 50 ya zauna, jelar ce kawai ta ɗan narke. Yaya, in na yanke gefen hoton ba zai rage kyau ba?