Wai da gaske noma ne ya gina Sumer, tsohuwar ƙasa a kudancin Iraƙi inda ruwan sama kusan babu?

Mai_neman_sani: Salam jama'a, don Allah wani abu ne ya ɗaure min kai. Ana ta cewa noma ne ya ɗaga Sumeriyawa har suka gina birane irin su Uruk da Ur, to amma kudancin Iraƙi fa ruwan sama kusan babu, ya aka yi suka noma abinci har ya yi rara?

Tsohon_malami: Wa alaikumus salam. Ai ba damina suke jira ba ɗan'uwa, ban ruwa suke yi. Daga Furat da Dijla suka haƙa magudanai zuwa gonaki, kuma kogunan nan ba sauƙi gare su ba, ambaliyarsu wajen Afrilu da Mayu take zuwa, daidai lokacin da sha'ir ya nuna ana shirin girbi, ka ga dole a yi madatsa a tare ta, sannan duk shekara sai an yashe magudanan saboda laka, wannan kuwa ba aikin gida ɗaya ba ne, sai an tara mutane, sai an samu mai cewa yau gonar wane za a ba ruwa gobe ta wane. Wasu masana na ganin mai wannan maganar shi ne ya koma mai mulki.

Yar_tarihi: Malam ka manta rubutu. Ni abin da ya fi ba ni dariya, allunan yumɓun farko da aka tono a Uruk, wajen 3200 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ba waƙa ba ce ba hikima ba, yawanci lissafi ne kawai, sha'ir nawa ya shiga rumbun haikali, tumaki nawa, wa za a auna wa nawa. Da sha'ir ake biyan ma'aikaci. Shi ya sa magini da maƙeri da masaƙa suka iya barin gona.

Sarkin_musu: Kuna ta yabo dai. Biranen Lagash da Umma fa sun yi shekaru suna kashe juna a kan filin noma guda, Gu'edena, har sarki Eannatum na Lagash ya sa aka sassaƙa nasararsa a dutse wajen 2450 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ga ungulu suna cin gawawwaki, yanzu haka dutsen yana gidan tarihin Louvre a Paris. Kuma ban ruwan nan shi ya riƙa taso da gishiri saman ƙasa, zafi ya busar da ruwan gishirin ya zauna fari fat, alkama ba ta jurewa, sha'ir ne mai haƙuri.

Mai_neman_sani: Kai, na gode ƙwarai. To katako da ƙarfe fa, a ina suka samu?

Yar_tarihi: Ba su da su yaya, ko dutsen kirki babu. Ulu da tufafi da hatsi suke bayarwa a kawo musu daga nesa.