Neman shawara: wace shiga ake yi a daren gala na jirgin Queen Mary 2?

Mai tambaya:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni da maigida za mu shiga jirgin ruwa na Queen Mary 2 daga Southampton ta Ingila zuwa New York, kwana bakwai a kan teku. A takardun da kamfanin Cunard ya turo an ce akwai dararen gala da ake so kowa ya yi cikakkiyar kwalliya, maza su sa baƙar kwat da nektai. To maigida dai ba ya sa kwat, babbar riga da kaftani ne suturarsa, ni kuma ba na fita sai da mayafi. Shin za a bar mu mu shiga ɗakin cin abinci a haka? Kaya kala nawa ya kamata mu ɗauka? Kuma yaya ake yi da guga da turaren wuta a cikin jirgi? Don Allah waɗanda suka san harkar su taimaka.

Hajiya mai harkar tafiye-tafiye:

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya kai ku lafiya. Ki kwantar da hankalinki, babbar riga ta wadatar. Cikakkiyar suturar gargajiya ta ƙasar mutum karɓaɓɓiya ce a daren gala, shi ya sa za ki ga 'yan Sikotilan da zanensu na maza, matan Indiya kuma da sari. Mayafi ko hijabi kuwa babu mai ce miki komai a kansa.

Ga yadda tsarin yake. Da rana kowa na sa abin da ya ga dama. Daga ƙarfe 6 na yamma dokar sutura take fara aiki a yawancin sassan jirgin. A tafiyar kwana bakwai galibi dare biyu ne na gala, sauran biyar ɗin kuma suna kiransu Smart Attire, wato shiga mai tsafta da kamala ba tare da an ƙure adaka ba. Ba a sa gala a daren farko, domin akwatuna kan ɗauki sa'o'i kafin su iso ɗakuna, haka ma daren ƙarshe, domin a ranar ake haɗa kaya. Kowace yamma za a ajiye muku takardar shirye-shiryen gobe a ɗaki, a jikinta ake rubuta shigar da ake so. Amma kada ki jira sai kin shiga jirgi, ki buɗe shafin tikitinku a intanet tun yanzu, idan tafiya ta matso za ki ga ranakun gala da taken kowanne.

Taken nan yana da amfani wajen zaɓar yadi. Akwai daren baƙi da fari, akwai na ja da ruwan zinari, akwai wanda ake rufe ido da ɗan abin ado, akwai kuma na salon shekarun 1920. Bin taken ba dole ba ne. Sai dai daren baƙi da fari ya zo wa mutanenmu daidai: farar shadda da baƙar hula ga Alhaji, ke kuma baƙar abaya mai aiki ko farin leshi, magana ta ƙare.

Ranar da gajiya ta hana ku kwalliya ma ba za ku kwana da yunwa ba. Kings Court, inda mutum ke ɗibar abinci da kansa, a buɗe yake ga wanda bai yi shigar gala ba, kuma ana kawo abinci har ɗaki. Abin da za ku rasa a daren shi ne babban ɗakin cin abinci na Britannia da zauren Queens Room inda ake shagalin.

Alhaji, tsohon ma'aikacin otal:

Hajiya ta faɗi gaskiya, amma akwai inda ake samun matsala, kuma gara a faɗe shi a fili. Ma'aikacin da ke tsaye a ƙofar ɗakin cin abinci ba lallai ya san bambancin suturunmu ba, abin da idonsa ya gani yake yi wa hukunci. Idan ya ga babbar riga mai aiki, da 'yar ciki da wando na yadi ɗaya, da hula, da rufaffen takalmi, babu tambayar da zai yi. Idan kuwa ya ga kaftani mara aiki, ba hula, ga takalmi mai fito da yatsu, yana iya ɗauka kayan shan iska ne ya ce a je a sauya. Jallabiya ma kada a kusanto da ita wurin da dare. Saboda haka a daren gala sai cikakken saiti uku. Kaftani mai kyau da hula a bar shi ga sauran darare biyar ɗin, a nan ya fi ƙarfin abin da ake nema.

Takalmi ne ya fi kayar da mutanenmu. A gida ana sa babbar riga da buɗaɗɗen takalmin fata kuma ba laifi, a can kuwa rufaffe ake so, baƙi ko ruwan ƙasa, da safa. Sau-ciki mai rufaffen gaba yana wucewa idan na fata ne mai kyau, amma cikakken takalmi ya fi kwanciyar hankali.

Shawarata kuma a ɗauki baƙar kwat guda ɗaya da farar riga da nektai a ajiye, ko don ranar da miya ta zube a babbar riga. Ba sai taksido ba, wato kwat ta musamman ta manyan bukukuwan dare, kwat mai duhun launi ta isa. Wanda zai saya ya duba rubutun da ke jikin nektai ɗin, yawancin masu tsada alharini ne zalla, kuma akwai na zaren roba masu sheƙi iri ɗaya. Maɓallan hannun riga ma a nemi na azurfa a bar na zinari.

Malam tela:

Alhaji, a gafarce ni, ni ban ga dalilin sayen kwat ga mutumin da bai saba da ita ba. Wanda bai taɓa ɗaura nektai ba a takure zai wuni, kuma kuɗin kwat mai kyau zai ɗinka babbar riga ta biyu. Idan tsoron tabo ne, babbar riga biyu ta magance shi.

Hajiya mai tambaya, ga lissafin da nake ba masu irin wannan tafiya. Maigidanki: babbar riga saiti biyu, ɗaya fara ɗaya mai duhu, kaftani uku, hula uku ko huɗu. Kaftani uku sun isa darare biyar, tunda sa'a uku ko huɗu kawai ake yi da su a jiki, kuma sauya hula na sauya shigar gaba ɗaya. Ke kuma manyan kaya biyu na gala, sai atamfa ko abaya uku, mayafai huɗu, takalmi ƙafa biyu na dare. Ki tuna babbar riga ɗaya da 'yar cikinta da wando tana cin wajen yadi goma na shadda, leshi mai duwatsu kuma nauyi gare shi. Cunard ba ta cika damuwa da yawan akwatuna ba, amma kowanne kada ya wuce kilo 23, kuma jirgin saman da zai kai ku Ingila shi ne zai taƙaita ku.

Yanzu maganar shadda, wadda ita ce ta fi damuna. Babu mai bugu a tsakiyar teku. Idan kika ba masu wankin jirgi shadda, injin wanki da ruwan zafi za su sa ta, ta dawo ba sheƙi ba ƙarfi. Don haka a kai ta bugu a gida kwana biyu ko uku kafin tafiya, a bar ta a ninkin da mai bugu ya yi mata, a sa kowane saiti a ledarsa, a shimfiɗa a saman akwati ba a ƙasan takalma ba. Layin ninkin bugu ado ne, kada a yi ƙoƙarin goge shi. Huluna a cusa ɗaya cikin ɗaya, a cika ta ciki da safa don kada ta lotse.

An hana shiga da dutsen guga, domin gobara ce abin da aka fi tsoro a jirgin ruwa. Idan na'ura ta gano shi a akwati za a riƙe shi, akwatin ma ya makara. Amma akwai ɗakunan wanki na fasinjoji da injuna da dutsen guga da teburinsa, kyauta. Ki je da sassafe, domin da la'asar ɗin ranar gala layi ake yi. Idan dole sai an taɓa shadda da guga, a juya ta bai-bai, a ɗora farin ƙyalle na auduga, wuta matsakaiciya, kuma kada a yayyafa ruwa, ɗigo ɗaya yana barin tabo a jikinta. Leshi mai duwatsu shi ma ta baya ake goge shi, don zafi na narkar da gam ɗin duwatsun su zube. Dabarar rataye kaya a banɗaki a saki ruwan zafi tururi ya warware su tana aiki ga abaya da mayafi da leshi, amma shadda tururi kashe ta yake yi.

Tsawon kaya kuma a rage. Jirgi yana motsi, akwai matakala da yawa, hannu ɗaya na kan ƙarfen riƙo. Siket ko doguwar riga ta tsaya kamar faɗin yatsu biyu daga ƙasa bayan an sa takalmi, kuma a bar mai jela a gida. Siket matsattse da ba ya barin a buɗe ƙafa shi ma haɗari ne. A tebur kuma Alhaji ya naɗe hannayen babbar riga bisa kafaɗa kafin ya zauna, domin kofunan gilashi a jere suke gaban kowa.

Anti mai turare:

Ƙanwata, kaskon turare kam ki manta da shi, na gawayi da na lantarki duka. Duk abin da ke ci da wuta ko yake hayaƙi an hana, har kyandir, kuma kowane ɗaki akwai na'urar jin hayaƙi a rufinsa. Ki turara kayan a gida. A ɗora su a kan kabbasa sau biyu ko uku a kwanakin ƙarshe, a bar su su huce sarai, sannan a ninke a rufe a leda mai zif. Ƙamshin zai kai ku New York. Kada a rufe su da ɗumi, gumi suke yi su yi tsami. Shaddar da aka buga kuma kada a warware ta don turare, a jiƙa auduga da turaren mai, a naɗe a tishu, a sa a gefen ledar.

Humra ki zuba a ƙaramar kwalba, ki naɗe murfin da salatif, ki sa a leda biyu nesa da fararen kaya, tabonta ba ya fita daga farar shadda. Wadda za ta shiga jakar hannu a jirgin sama kada ta wuce mililita 100. Kuma ki sassauta hannu wajen shafawa, ɗakin cin abincin rufaffe ne, wataƙila ma tebur ɗaya za ku zauna da baƙi.

Ki tafi da allurai masu kai da fil na mayafi da yawa. Iskar tekun Atilantika tana da ƙarfi da sanyi ko da bazara ce, ana buɗe ƙofar fita waje za ta fizge mayafin da aka yafa kawai, hular Alhaji ma ya riƙe ta a hannu idan zai leƙa waje. Cikin jirgin kuma na'urar sanyaya ɗaki ba ta hutawa, don haka mayafi mai ɗan kauri zai yi miki amfani biyu. Idan za ki ɗaura ashoke, a naɗa miki shi tun a gida a ɗinke, ki sa a kwalinsa. Takalmi mai faffaɗan dunduniya ya fi mai tsini. Gwal kuma a jakar hannu yake tafiya, ba a akwati ba, in kin isa ki kulle a ɗan akwatin ƙarfen da ke ɗakinku.

Mai tambaya:

Allah ya saka da alheri, na ƙaru sosai. Saura abu biyu: mun ji ana raba giya a irin waɗannan darare, sannan wane lokacin cin abinci ya fi dacewa saboda sallar magariba?

Hajiya mai harkar tafiye-tafiye:

Gaskiya ne ana zagayawa da ita a faranti a wajen liyafa, amma babu mai tilasta wa kowa. Ki ce lemo ko ruwa kike so, za a kawo. Inda ya fi buƙatar lura shi ne girki, domin ana zuba giya a wasu miyoyi da kayan zaƙi. Ku sanar da kamfanin buƙatarku ta abincin halal a rubuce makonni kafin tafiya, sannan a daren farko ku maimaita wa shugaban masu hidimar teburinku. Sukan kawo jerin abincin gobe tun yau don a zaɓa a gyara. Kifi da kayan lambu kullum akwai.

A Britannia akwai zaman farko wajen ƙarfe 6, da na biyu wajen 8:30, kuma cin abincin gala na iya kaiwa sa'a biyu. Da bazara rana kan daɗe ba ta faɗi ba a wannan yankin, don haka zaman farko ya fi, ku gama ku yi magariba a natse. Da hunturu kuwa rana na faɗuwa da wuri, sai ku yi salla kafin ku sauko, ko ku ɗauki zama na biyu. Ku lura a hanyar zuwa New York ana mayar da agogo baya da sa'a ɗaya a darare biyar, saboda haka agogon jirgi za ku bi, ba na waya ba.

Ku isa Ingila aƙalla kwana ɗaya ko biyu kafin ranar tashi, kuma ku raba kayan gala a akwatuna biyu, saiti ɗaya naki da ɗaya nasa a kowanne, don idan akwati ɗaya ya makale a filin jirgin sama kada ku rasa duka. Ranar shiga jirgi ku riƙe kayan daren farko da magunguna a jakar hannu. A daren ƙarshe kuma ana fitar da akwatuna bakin ƙofa kafin a kwanta, sai a tashar New York za ku sake ganinsu, don haka ku ware kayan da za ku sa da safe da takalmansu da fasfo kafin ku rufe zif.