Farar mujiya cikin ƙanƙara: yaya zan yi kada hoton ya fito ruwan toka?

Mai-Hoto Tawa

Assalamu alaikum jama'a. Ni mai ɗaukar hoto ne nan Tawa, shekara 19 ina cikin sana'ar, biki da suna da hoton katin ɗan ƙasa. In Allah ya yarda cikin watan Janairu zan tafi Kanada, garin Kebek, wurin ɗiyata da ta haihu. Mijinta ya turo mini hoton wata farar mujiya da ya gani zaune kan turken shinge a bakin gona, ko'ina fari fat da dusar ƙanƙara. Ya rantse mini da idonsa tsuntsuwar fara ce sol kamar auduga, amma a hoton ta fito ruwan toka, ƙasar ma kamar tokar murhu, wani wuri har da shuɗi-shuɗi. Shi da waya ya ɗauka. Ni ina da kamara Nikon D5300 da gilashi mai jawo nesa, milimita 70-300.

Kayan nan za su isa? Kuma me zan yi kada in ƙetare teku in dawo da toka? Ni ƙanƙara ban santa ba sai ta firij, sanyi kuwa iyakacin wanda na sani shi ne na hunturu, lokacin da 'yan tasha ke jin wuta da asuba.

Tsohon Mai Situdiyo, Yamai

Wa alaikumus salam. Malam, ciwon nan ka daɗe da saninsa, suna kawai ya sake. Ka tuna ango cikin farar shadda ya tsaya jikin farin bango da rana tsaka, ka ɗauka, shaddar ta fito kamar an wanke ta da ruwan rijiya mai laka? To shi ne. Ma'aunin hasken kamara duk abin da ya gani so yake ya mai da shi tsaka-tsaki, wato ruwan toka. Da ya ga fari ya cika wuri sai ya ɗauka haske ya yi yawa, ya rage.

Ka danna maɓallin nan mai alamar +/- ka ƙara haske. Fara da +1, in sama ta rufe da hadari kuma komai fari ne ka kai +1.7 ko +2. Amma ka yi hattara, in ka wuce gona da iri gashin tsuntsuwar zai ƙone, ya zama farin takarda babu zane, kuma abin da ya ƙone ba kwamfutar da za ta dawo da shi. Ka kunna alamar nan da ke ƙyaftawa a allon baya. In ta ƙyafta kan ƙanƙara kaɗan ba laifi, in ta ƙyafta kan mujiyar ka rage. Shuɗin kuwa hasken sararin sama ne ke sauka cikin inuwa. Ka ɗauka da RAW, wato ɗanyen hoton da kamara ba ta sarrafa ba, ka gyara launin a gida.

Gilashinka a kan wannan kamarar yana aiki kamar mai milimita 450, kuma tana da megapiksel 24, ka iya yanke hoto ba tare da ya lalace ba. Ba shi da tsawon da masu wannan harka ke so, amma ya isa. In za ta tashi, saurin ɗauka kada ya yi ƙasa da 1/1600 na daƙiƙa.

Kada ka jira Kanada. Tabalak na kusa da kai. Ka je bakin tafki ka gwada hannunka kan balbela, fara ce, ba ta neman biza.

'Yar Yantala

Kawu, barka da arziƙi, Allah ya raya. Na yi shekara huɗu ina karatu a Kebek, bari in faɗa muku abin da kamara ba za ta faɗa ba.

Can suna ce wa mujiyar harfang, kuma tun 1987 ita ce tsuntsuwar tambarin jihar Kebek. Daga can arewa mai nisa take saukowa lokacin sanyi, wajen Disamba zuwa Maris, don haka Janairu daidai ne. Daji mai itatuwa ba nata ba ne, fili take so shimfiɗaɗɗe irin na ƙasarsu: gonaki, bakin kogin Saint-Laurent, kan falwayar lantarki, kan rufin rumbun manoma. Da rana take zaune a fili, ba kamar tamu ba. Namiji babba kusan fari ne sol, mace da ƙanana suna da zane baƙi-baƙi, ido kuma rawaya.

Sanyin na iya kai 20 ƙasa da sifiri, har ya wuce. Batir na mutuwa da wuri, ku sayi biyu ko uku, ku sa cikin aljihun ciki kusa da jiki, wanda ya mutu in ya ji ɗumi yakan farfaɗo. Safar hannu biyu, siririya a ciki, mai kauri a waje. Kada ku huci kan gilashi don gogewa, nan take zai daskare. Kuma kafin ku shiga gida ku sa kamarar cikin leda ku ɗaure tun a waje, ku bar ta awa ɗaya ko biyu, in ba haka ba raɓa za ta kwanta mata har ciki. Rana na faɗuwa wajen ƙarfe huɗu da rabi, kada ku tsaya shan shayi bayan Azahar.

Abin da ya fi damuna shi ne matsowa. In ta miƙe wuya ta zuba muku ido, kun yi kusa, ku ja baya. Duk tashin da aka sa ta yi ƙarfi take ƙonawa, cikin sanyin da abinci ke wuya. Na taɓa ganin wasu sun sayo ɓera suna jefa mata don ta taso su ɗauka. Hoton na kyau, amma ta saba da mutane da motoci, ƙarshenta a bakin titi. Ku zauna cikin mota ku sauke gilashi, ta fi yarda da mota bisa mutum a tsaye. Gonakin kuma masu su na nan, ba a shiga sai da izini.

Ɗan Ader

Ikon Allah. Mujiyar da in ta yi kuka kan zaurenmu kakata ba ta barci sai ta jefa garwashi, ita ce wasu suka sa a tambari? Yaya, ka je ganin jika ka dawo da hoton mujiya, me za ka ce wa Hajiya?

Mai-Hoto Tawa

Ɗan Ader, Hajiya ta riga ta yi mini wannan tambayar, har da ƙari. Akwai wata farar mujiya mai fuska kamar faranti cikin tsohon sito bayan gidanmu, shekara uku ke nan, ba wanda ya mutu sai ɓeraye.

Malam na Yamai, na je Tabalak ranar Lahadi. A sifiri balbelar ta fito kamar tsohuwar riga, a +1 ta yi daidai, a +2 fukafukan sun ƙone, ina jin don bayanta ruwa ne mai duhu. Na gane in bayan ya canja lissafin ma sai ya canja.

Ɗiyata ta Yantala, na gode, ledar nan ban taɓa tunaninta ba. Saura takalmi: in saya a kasuwar gwanjo can Yamai kafin in hau jirgi, ko in bari sai na isa?