Lissafin allurar dabbobi yana neman kayar da ni, jarrabawa saura mako uku

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ɗalibin likitancin dabbobi ne ni. Tun da yaƙi ya tashe mu daga Shambat da ke Khartum a 2023 nake Gadarif wurin kawuna, a nan nake bita. Cututtuka da magungunansu na haddace, lissafi ne ya tsaya mini a maƙoshi. Jiya na gwada tambaya: tunkiya mai kilo 35, za a yi mata allurar oksitetrasaikilin (maganin ƙwayoyin cuta) 20%, mg 20 ga kowane kilo. Na samu ml 35. Littafi ya ce 3.5. Na maimaita har sau uku a bayan kwalin magani, amsata ba ta canza ba. Ina na kauce? Haka ma lissafin ƙarin ruwa. Ku taimaka don Allah.

Wani likita daga Sinnar: Wa alaikumus salam ƙanena. Rabin farko ka yi daidai, 35 sau 20 ya ba ka mg 700. Inda ka zame, ka ɗauki 20% a matsayin mg 20 cikin ml ɗaya. Ma'anarsa giram 20 ne cikin ml 100, wato mg 200 a kowane ml. Duk kason da ka gani a jikin kwalba, ninka shi goma. Sai ka raba 700 da 200, ga 3.5. Kuma in amsa ta fito, ka kalle ta da idon wanda zai riƙe sirinji. Wa ya taɓa ɗura wa tunkiya ml 35 a cinya? Sirinjin ml 20 ma sai ka cika shi kusan sau biyu. Abin nan yana tayar mini da hankali, don dabbar makiyayi ce za ta mutu. Zailazin, maganin kwantar da dabba, kaɗai ya isa misali: akwai na 2%, akwai na 10%, ga shanu ba sa jure abin da doki ke ɗauka.

Wata ɗaliba daga Kasala: Yaya, ni abin da ya cece ni, ba na rubuta lamba tsirara. Kowace lamba da kg ko mg ko ml a gefenta, ina soke su har ml ya rage shi kaɗai. Gwada da ibamektin (maganin tsutsa) 1%, mg 0.2 ga kilo, za ka ga ml 1 ne ga kilo 50.

Wani daga Mai Wurno: Ƙarin ruwa kuwa, nauyi sau kason ruwan da dabba ta rasa. Maraƙi mai kilo 40 da gudawa ta cinye masa 8%, lita 3.2 ke nan, ban da abin da jikinsa ke buƙata kullum. Ɗigo a minti: ml sau 20 (ɗigon da robar ƙarin ruwa ke yi a ml ɗaya), raba da mintuna. Amma duba ledar robar tukuna, wata ɗigo 60 ce a ml.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri, Likita, yanzu 3.5 ta fito. Na gwada lita 1 cikin awa 4 da robar ɗigo 20, na samu ɗigo 83 a minti. Haka ne?

Wani daga Mai Wurno: Haka ne. Yanzu yi mini na lita 3.2 cikin awa 8.